Taken Jafaru

Batsari, Litinin 11 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Anti Zuwairatu da yara, da fatan kasuwar wake tana motsi ko yaya ne. Inna tana gaida mutanen gida. Ƙafar ta yi sauƙi.

Wani kamfanin fasaha na ƙasar waje yana tattaunawar sayen Jiyau. Ba a sa hannu ba tukuna. Tayyib ɗan Gwaggo ne ya aiko da takarda daga Kano. Tun da aka katse layin waya a yankin nan mun koma zamanin ambulan, don haka Malam Bashir mai a-kori-kura zai riƙa kai maka nawa, ka riƙa ba shi naka.

Na san ba ka taɓa sa Jiyau a wayarka ba, bari in tuna maka. Ita ce manhajar da su Tayyib suka ƙirƙira: ka kunna kiɗa kusa da waya, ko ka yi shi da baki, ta gaya maka wane kiɗa ne, ta kuma kunna maka asalinsa. Abin da ya bambanta ta da irinta shi ne kasetocin Baba. Ka tuna bayan rasuwarsa ɗan'uwanmu Jafaru da Tayyib suka kwashe wata biyar a zauren gidanmu na Wagini suna juye su cikin kwamfuta. Taken manoma ɗari uku da goma sha biyu suka fitar, kowane da sunan mai shi. Tun da aka ƙone zauren, wannan juyin kaɗai ya rage. Mutanen Wagini da Yasore da suka watse suna amfani da ita fiye da yadda na zata. Akwai matar da ta zo makarantarmu kafin a katse layi ta nuna mini taken mahaifinta a waya, ta saurara sau uku a tsaye.

Tayyib ya ce masu sayen ba za su ci gaba ba sai magadan Baba, Mati Makaɗi, sun amince a rubuce. Ma'ana, Inna ta dangwala yatsa, ni da kai mu sa hannu. Game da Jafaru kuwa, sun bar gurbinsa fayau, suka sa alamar tambaya da fensir.

Na karanta takardar sau huɗu. Shekara shida na yi a ɗakin labarai na rediyo kafin in koma aji, na saba da rubutun da aka yi don kada a gane, amma wannan ya fi ƙarfina. Wani sakin layi ya ce manhajar ake saye, wani ya ce “abin da ke cikinta”, wani kuma ya ce kasetocin suna nan namu. Na fassara wa Inna iya abin da na fahimta. Ta tambaye ni ko Turawan noma suke yi. Na ce ban jin haka. Ta ce to me za su yi da take?

Kai ne babba, ka faɗi ra'ayinka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Naja'atu

*

Safana, Juma'a 15 ga Oktoba

Naja,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiya. Ki gaida tsohuwa, ki ce na aiko mata da man zafi a hannun Bashir, kada ta raba wa maƙwabta kamar wancan.

Na karanta takardarki a rumfa, na sake ba Liman ya karanta, muka taru muka rikice tare. Ni mai auna wake ne. Cinikin da na sani, a ga kaya, a taya, a sallama, mai saye ya ɗauka ya tafi, kai kuma ka duba wurin ka ga babu. To wannan in sun saya, me zai ɓace daga ina? In kuma ba abin da zai ɓace, me suka saya? Ki tambayi wannan taubashin naki mai gilashi, tun da shi ya iya sayar da iska.

Amma akwai abin da ke da Tayyib duk kuka tsallake, da karatunku. Take ba na Baba ba ne. Baba kaɗawa kawai yake yi. In ya ga manomi ya yi abin kirki a gayya sai ya ƙaga masa take, daga ranar ya zama na mutumin, kamar sunansa. Ko Baba bai isa ya kaɗa wa wani taken wani ba. Na taɓa ganin Alhaji Kaka ya ajiye garma ya fita daga gona don an yi kuskuren buga nasa wa ƙanensa. To ta yaya zan sa hannu in sayar da abin mutum ɗari uku?

Na biyu, kin manta ƙa'idarsa. In mai take ya rasu, Baba yakan je bakin gonarsa ya kaɗa sau ɗaya, shi ke nan, ya rufe. Ba ya ƙara bugawa sai in ɗan mamacin ya zo da goro ya ce ya gada. Yanzu kina gaya mini wata mata tana sauraron na mahaifinta sau uku a tsaye. Yana raye ne? In ba ya raye, wa ya ba waya izini?

Ba na ce kada a sayar ba. Ba na kuma ce a sayar ba. Na ce ban san abin da ake tambayata ba.

Maganar gurbin Jafaru, ki bar ta tukuna.

Yayanki, Sahabi

*

Kano, 21 ga Oktoba

Zuwa ga Malama Naja'atu, shugabar masu jan biro,

Salamu alaikum. Ina gaida Inna da girmamawa, ina gaida Yaya Sahabi ta bakinki, tun da na ji ya naɗa ni sarkin masu sayar da iska. Ki ce masa na karɓi rawanin.

Wasa a gefe, Yaya ya yi gaskiya, kuma laifin namu ne. Lokacin da muke shigar da kasetocin, akwatin da aka tanada guda ɗaya ne: “mai waƙa”. Sai muka rubuta Mati Makaɗi a duka ɗari uku da goma sha biyun, muka sa sunayen manoman a matsayin sunan waƙa. Jafaru ya ce mini ba haka ba ne, na ce masa za mu gyara daga baya. Shekara huɗu ke nan. Shi ya sa lauyoyin masu sayen suka ɗauka duk dukiyar Kawu ce, suka nemi magada. Na yi musu bayani ta waya kusan awa guda. Wata daga cikinsu ta tambaye ni ko take kamar lambar katin ɗan ƙasa ne. Na ce a'a, sannan na ce eh, sannan na ce bari in yi tunani.

Ga amsar tambayar Yaya, iya sanina. Ba kiɗan suke so ba, kunnen suke so. Jiyau ta koyi rarrabe kalangu da kalangu, abin da tasu manhajar ta kasa. In sun saya za su rufe tamu su zuba ta cikin tasu, takunan kuma su ci gaba da zama a can, inda ba wuta ko gara. In ba su saya ba, gaskiya ba za mu kai sabuwar shekara ba. Mu huɗu muka rage a ofis. Ranar da muka kasa biyan kuɗin ma'ajiyar intanet da takunan ke ciki, komai zai tsaya, har abin da matar nan take saurare.

A ofis ɗin ma kanmu ya rabu. Biyu sun ce sayarwa ita ce ceto, ɗaya ya ce binnewa ce da likkafani mai tsada. Ni kullum da wanda ya yi magana a ƙarshe nake.

Na samo abu ɗaya. Sun yarda a bi ƙa'idar Kawu: taken wanda ya rasu za a rufe shi, ba zai ƙara amsawa ba, sai in magajinsa ya nema. Na masu rai za a ci gaba, ana neman izininsu sannu a hankali. Amma suna son jerin kafin ƙarshen Nuwamba. Na haɗo da sunayen, shafi tara, layi biyu a gaban kowane suna: mai rai, marigayi. Babu wanda ya san mutanen nan kamar Inna.

Ki yi haƙuri da abin da za ki gani a shafi na shida. Ban cire ba don ba ni da ikon cirewa.

Naki, Tayyib

*

Batsari, Alhamis 28 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya. Man zafin ya iso, rabinsa yana gidan maƙwabta. Ga kwafin takardar Tayyib, ka karanta kafin tawa.

Kwana huɗu muka yi a kan jerin, kullum bayan la'asar, a gindin darbejiyar tsakar gida. Ina karanta suna, Inna tana amsawa, Ramlat matar Jafaru tana tsince shinkafa a gefe. Na zaci aikin awa biyu ne. Amma Inna ba ta amsa da kalma ɗaya. Kowane suna sai ta faɗi gonarsa, da wadda ya aura, da inda aka ce ya koma. Wasu ta ce Katsina, wasu Dutsin-ma, wasu sun haura Nijar. Da muka zo kan Alhaji Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce a sa shi cikin masu rai, don ko mutuwa sai ta nemi izini kafin ta taɓa kayansa.

Zuwa shafi na biyar mun sami tamanin da ɗaya da suka rasu. Da yawansu ba tsufa ba ne. Akwai goma sha tara da Inna ta ce ba ta sani ba, kuma takardar ba ta da layi na uku.

Lamba ta ɗari da tamanin da bakwai ita ce “Ba shi gona, koma gida”. Na manta ma Baba ya taɓa yi wa Jafaru take. Inna ta ce sau ɗaya ne, a gayyar gonar Liman, shekarar da ya gama kunya goma sha biyu kafin a kawo fura, kuma Baba ya ji nauyin yabon ɗansa a bainar jama'a, bai ƙara ba.

Na karanta sunan. Ramlat ta ɗauki farantinta ta shiga ɗaki. Inna ta ce rana ta yi sanyi, a bari sai gobe. Gobe ta zo ta ce in tsallake in ci gaba. Mun gama shafi na tara jiya. Layin nan ɗaya yana nan fayau.

Shekara uku da wata biyu ke nan tun da 'yan bindiga suka tare motar su Jafaru a hanyar Runka. Kira ɗaya aka yi, a makon farko. Ka fi ni sanin sauran. Idan na sa shi a masu rai, da wace hujja? Idan na sa shi a ɗayan layin, ni ce na fara rubutawa, abin da ko Liman bai furta ba.

Ina jiran ka.

Ƙanwarka, Naja'atu

*

Safana, 1 ga Nuwamba

Naja,

Salam. Ina gaida kowa.

Ki sa shi a layi na biyu. Na faɗa, ni ne babba, nauyin yana wuyana ba naki ba.

Ni na je Runka sau bakwai. Ni na bi duk wanda aka sako ina nuna masa hoto. Mahaifin Ramlat ya zo rumfata sau biyu a watan jiya, ya sayi waken da ba ya bukata. Yarinyar nan tana da haƙƙi, ba za ta tsufa tana tsince shinkafa a gidanmu ba. In tsohuwa ba za ta iya faɗa da baki ba, wataƙila takardar Turawa ta faɗa mata. Allah kan kawo sauƙi ta inda ba a zata ba.

In an rufe taken, zan zo in kai goro bakin gonarsa da kaina. Sauran maganar ciniki kuma, ku sayar ko ku bari, duk wanda kuka ga dama. Na gaji da tunaninta.

Kada ki nuna wa tsohuwa wannan.

Sahabi

*

Kano, 8 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Sahabi da Naja'atu,

Assalamu alaikum. Na rubuta biyu iri ɗaya don kada wani ya ji daga bakin wani. Ina roƙon ku karanta a zaune, kuma kada ku ɗauki abin da zan faɗa fiye da yadda yake.

Masu sayen sun nemi lissafin yadda ake amfani da kowane take. Da nake haɗawa na ga lamba ta ɗari da tamanin da bakwai. Tun da muka buɗe Jiyau ba wanda ya taɓa nemanta. A watan jiya an neme ta sau uku: ranar 2, ranar 9 da ranar 23 ga Oktoba, duk da hantsi. Ba kaset aka kunna ba, da baki aka yi, fito ne. Waya ɗaya ce, kuma daga ɓangaren Maraɗi.

Ga abin da ban sani ba. Ban san lambar wayar ba, Jiyau ba ta ajiye lamba, alamar wayar da yanki kawai take gani. Muryar ma ba ta ajiyewa. Mutum nawa suka halarci gayyar gonar Liman? Wataƙila sittin, kuma Inna da kanta ta ce wasunsu suna Nijar. Zai iya zama ɗayansu ne kiɗan ya faɗo masa. Zai iya zama kuskuren manhajar, ko da yake sau uku a jere da wuya.

Ga kuma abin da ya hana ni sukuni. Duk lambobin da Jafaru ya haddace na Batsari da Safana ne, kuma tun Satumba babu wadda take shiga. Tawa na canza ta bara. In mutum ya fito ba shi da kowa, ya ari waya, ya kira gida shiru, me ya rage masa da zai taɓa? Shi ya shigar da wannan taken da hannunsa.

Na ce kada ku ɗauka fiye da yadda yake, ga shi ni na ɗauka.

Akwai abin da zan iya yi muddin Jiyau tana hannunmu. Zan iya sa wa duk wanda ya sake neman wannan taken ya ji saƙon murya maimakon kiɗan, lambata kuma ta fito a fuskar wayar. In an sa shi a layin marigayi, taken zai rufe. In an sayar, masu sayen sun ce ba sa barin saƙon kowa a cikin tasu, na tambaya. Na nemi su ƙara mana lokaci, sun ce za su duba, sun kuma tuna mini akwai wata manhajar a wata ƙasa da suke dubawa. Abokan aikina uku suna kallona. Ban gaya musu dalili ba tukuna.

Ban san abin da ya dace ba. Takunan mutum ɗari uku a hannu ɗaya, fito uku a ɗayan.

Naku, Tayyib

*

Batsari, Juma'a 12 ga Nuwamba

Zuwa ga Tayyib,

Wa alaikumus salam. Da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo. Yau ba tsokana.

Yaya Sahabi ya iso shekaranjiya a bayan motar Bashir, a kan buhuna, bai ko canza rigar kasuwa ba. Mun yi gardama a zaure kafin mu shiga. Ya ce ba za a ɗaga wa tsohuwa rai a kan fito ba, in ta ɗauka ta faɗi wa zai ɗaga ta. Na ce labarin ba namu ba ne da za mu ɓoye. Ya ce ni ɗin da na yi aikin jarida, zan watsa labari mai majiya ɗaya? Na ce a'a, amma zan faɗa a matsayin wanda ba a tabbatar ba. A ƙarshe shi ya faɗa mata, ya kuma faɗa daidai, bai ƙara ba bai rage ba. Ramlat tana bakin ƙofa, ba wanda ya ce ta matsa.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tambaya sau biyu ko wayar ta ga fuskarsa. Ta tambaya ko Turawan ne suka kama fiton. Na yi bayani, ban jin ya shiga, ni ma da nake yi ban tabbata ya shige ni ba. Sannan ta ce in kawo takardar. Ta sa yatsa a tawada ta dangwala a layin masu rai, a kan layin kansa, ba inda aka tanada don sa hannu ba. Za ka ga ya ɓata lamba ta ɗari da tamanin da takwas. Ta ce goma sha taran nan da ba ta san labarinsu ba ma a mai da su can, wanda ya ga gawarsu ya zo ya goge.

Takardar amincewa kuwa ba ta dangwala ba, ba ta kuma ƙi ba. Ta ce a gaya wa masu sayen su jira, in manoma ne sun san jira, in ba manoma ba ne su koya. Yaya ya ce zai sa hannu ranar da ta sa. Ni ma haka. Na san abin da wannan zai iya jawo muku, kai da abokan aikinka, da matar nan mai sauraron mahaifinta. Ka gaya musu dalilin, sun cancanci sani.

Katin wayar da na ɗauki saƙon muryar Inna a kansa yana naɗe cikin takardar goro a ƙasan ambulan. Sau ɗaya ta yi, ta hana a sake. Ka san ba ta kiran sunansa, sunan surukinta ne. Ga abin da ta ce, ko da katin ya lalace a hanya:

“Ɗan tsoho, in kai ne, muna Batsari, gidan darbejiya bayan makarantar Naja. Ramlat tana nan. Ka kira lambar da ka gani. In kuma ba kai ba ne, bawan Allah, ka kira ka gaya mana inda ka san kiɗan nan. Allah ya kai ka gida.”

Ka huta lafiya.
Naja'atu

*

Kano, Laraba 24 ga Nuwamba

Naja'atu,

Salam. A gaida Inna da Yaya da Ramlat.

Na ɗora saƙon ranar 16. Abokan aikina sun yarda mu riƙe zuwa ƙarshen Disamba. Masu sayen ba su janye ba, ba su kuma amsa takardarmu ta ƙarshe ba.

Jiya Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, an sake neman lamba ta ɗari da tamanin da bakwai. Wayar nan ce, yankin nan ne. An saurari saƙon har ƙarshe, daƙiƙa ashirin da shida, sannan aka sake kunna shi.

Wayata tana caji, ba na barin ta. Ba a kira ba tukuna.

Naki, Tayyib